Makullin Motar Kaka Yana Jakata

Anti Ernestine,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Asabar mai zuwa, don in ta wuce shawarar ba ta da sauran amfani.

Ranar Asabar tara ga Agusta, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, a ƙofar garejin kawuna da ke bayan titin Mack, a gaban maza shida da ke cin gashin haƙarƙari, na zare makullin motar kakana daga jikinta, na jefa a jaka, na tafi gida. Har yanzu yana wurina. Shi kaɗai ne, ɗan'uwansa ya ɓata tun ba a haife ni ba. Daga ranar zuwa yau mahaifiyata ta ce mini mara kunya, kawuna ya daina ɗaukar wayata, matarsa kuma ta cire ni daga zauren hirar iyali na waya. Wai ni ce mai laifi. Ni!

Bari in faɗa miki daga farko, don ba na son ki yanke hukunci a kan rabin magana.

Shekarata ashirin da uku. A watan Mayu na gama karatun injiniyan inji, ni ce ta farko a gidanmu da ta kai nan, kuma sai watan gobe zan fara aiki. Kakana na wajen uwa, Kaka Lucius, zai cika tamanin ranar Asabar sha shida ga wata, wato ranar da tsofaffin motoci ke fita yawo a titin Woodward. Motarsa Charger ce ta 1969, koriya mai duhu, sabuwa fil ya saye ta da guminsa na masana'anta. Tun da aka fara wannan yawon bai taɓa fashi ba. Yanzu idonsa ya yi rauni, don haka ɗansa, Kawu Delmar, shi ke tuƙa shi, shi kuma ya zauna a gefe ya ɗora gwiwar hannu a taga yana ɗaga wa mutane hannu kamar gwamna.

Bana sai Kawu ya ce zai yi masa kyautar ba-zata: sababbin rim, wato ƙarafunan da ake sa taya a jikinsu. Ya ce wa Kaka zai kai motar a canza mata mai a wanke ta, ya kawo ta garejinsa ya ɓoye. Ya tara mu ya sa kowa ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Ni ma na yi, ba zan musa ba. Amma lokacin ban ga rim ɗin ba.

Daga baya ya nuna mini su. Inci ashirin ne, na alminiyam, suna ƙyalli kamar sabon tire. A wurin wani mutum ya saye su ta intanet, wanda ya cire su daga Charger irin ta yanzu. Da na tambaye shi ko ya auna, sai ya ce, “Auna me? Charger ai Charger ce.” Zan faɗa miki gaskiya, ba su yi mini kyau ba. Motar ta koma kamar an sa wa dattijo takalmin 'yan ƙwallon kwando. Amma ban ce uffan a kan wannan ba, don kyautarsa ce ba tawa ba. Ki riƙe wannan, don yanzu kowa cewa yake kishi ne da tsohon tunani suka sa ni.

Ranar Asabar ɗin na je kai musu makaroni da cuku da Mama ta dafa. Na tarar an riga an ɗaura duka huɗun, an sauke motar daga jak, ana ta ɗaukar hoto. Ina ajiye kwanon sai idona ya faɗa kan wani murfin gwangwani a ƙasa, a cikinsa da gutsattsarin ƙarfe biyu. Na ɗauka na duba. Ƙusoshin taya ne, waɗannan biyar ɗin da ake zura rim a kansu a ɗaure da noti. Sun karye ne sabon karyewa, bakinsu fari tas, kuma a kan kowanne akwai harafin L, wato hagu a Turance.

Ga abin da yake. A irin wannan motar ta wancan zamanin, notunan tayoyin ɓangaren direba a juye suke. In ka murɗa dama kwancewa suke, in ka murɗa hagu su ɗauru. Haka aka ƙera su. Na sani ne don tun ina 'yar shekara takwas nake zama a gefen Kaka ina riƙe masa notuna a cikin murfin taya, kuma shekara hamsin da shida bai taɓa barin wani ya sa sifana a tayar motar nan ba sai shi. Kawu ma ya sani. Shaidata ita ce ya yi odar notuna masu ƙyalli guda goma na hagu tun kafin ranar. Abin da ya faru shi ne ya tafi juya nama, ya bar abokinsa Purvis da injin kwance noti mai aiki da iska. Purvis ya sa injin a tayar gaba ta hagu, noti ya ƙi, ya ce tsatsa ce, ya ƙara masa ƙarfi. Ƙusa ɗaya ta karye. Maimakon ya tsaya ya tambaya, sai ya koma kan ta biyu. Ita ma ta karye.

To kuskure ne, kowa na yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne gyaran. Suka je shagon kayan gyara, aka ce na hagu babu, sai an yi oda, mako guda. Sai suka sayo irin na yau da kullum guda biyu, suka buga su da guduma. Yanzu taya ɗaya, ta gaba, wadda sitiyari ke juyawa, tana da notuna uku masu ɗauruwa ta hagu da biyu masu ɗauruwa ta dama. Kuma sababbin notunan masu rufaffen kai ne, sun rufe harafin, duka biyar kama ɗaya.

Na nemi aron sifana. Purvis ya kwashe da dariya ya ce, “Jama'a a share kujera, Injiniya ta iso.” Ban kula shi ba. Na kwance noti ɗaya, na mayar da hannu ina ƙirga murɗawa. Biyar da rabi. Na gwada wani a tayar dama, shida. Anti, ƙusar rabin inci ce, ya kamata noti ya shige ta aƙalla murɗa goma kafin ya kama. Dalili a fili yake: tsohon rim na ƙarfe siriri ne, wannan kuwa tsakiyarsa mai kauri ce, ta cinye rabin tsawon ƙusar. Sannan da'irar ramukan ma ba ɗaya ba ce. Ta motar Kaka inci huɗu da rabi ce, wato milimita ɗari da sha huɗu da ɗigo uku. Ta sabuwar motar ɗari da sha biyar ce. Rim ɗin zai shiga, ido ba zai ga komai ba, amma kowane noti a karkace yake zama, yana jan ƙusarsa waje. Na shafa bakin ramin da yatsa, garin alminiyam ya biyo hannuna.

Na tashi na faɗi duk wannan, daki-daki, da muryar da nake ganin mai ladabi ce.

Kawu ya ce, “'Yar nan, kashi bakwai cikin goma na milimita? Farcena ya fi shi kauri.”

Purvis ya ce, “Rabin motocin da za ki gani a Woodward haka suke tafiya. Ni ɗin nan na yi shekara tara a kan irinsa, ga ni ina cin nama.”

Wani a cikinsu, ban ma san sunansa ba, ya ce, “Delmar, kuɗin makarantar nan bai tafi a banza ba, yarinya ta iya ƙirge har biyar da rabi.” Suka yi ta dariya, har da mai buga cinya.

Na ce to, batun uku da biyun fa? Purvis ya ce in kwantar da hankalina, shi ba sabon shiga ba ne, ya san sabon rim na alminiyam sai an ƙara wa notunansa ƙarfi bayan mil hamsin, kuma da sifanarsa zai fita ranar, duk inda aka tsaya zai zaga ya matse su. Anti, kin ji? Mutumin da ya karya biyu saboda ya manta hanyar da suke bi, shi ne zai zaga motar da rana tsaka, cikin hayaniya da kiɗa, bayan gwangwanin giya na uku, ya matse su. In ya murɗa dama kamar yadda hannunsa ya saba, biyu za su ɗauru, uku su kwance. Na faɗa masa haka. Ya ce wa Kawu, “Ka ga abin da nake gaya maka, yaran yanzu a littafi suke tuƙi.”

Kawu bai yi dariya ba a wannan karon. Ya ajiye cokalin juya nama ya ce, “Na zaga da ita unguwa sau biyu. Akwai wanda ya ji wata ƙara?” Ba wanda ya ji, ni ma ba zan ce akwai ba. Na ce masa zagayen unguwa daban, babban titi da gudun mil saba'in daban, kuma ta babban titi za su bi su kai Woodward, Kaka a gaba, jikokin Kawu tagwaye 'yan shekara bakwai a baya. Ya ce, “Ke da na koya miki tuƙi a filin coci kina kuka, yau ke za ki koya mini taya? Digirin naki ko firam ba a sa masa ba.”

A nan ne na ce masa shi direban babbar mota ne, ba makanike ba, kuma ƙarfe bai san wanda ya girmi wani ba.

Na san maganar ta yi zafi. Amma a duba mini, wace kalma ce ƙarya a ciki? Su sun yi rabin awa suna mini ba'a ba wanda ya ce su bari, ni na faɗi jimla ɗaya ta zama abin da za a yi ta maimaitawa a waya. Ya juya mini baya ya koma wajen gashinsa. Makullin na jikin motar don sun kunna rediyonta. Na miƙa hannu ta taga na zare, waƙar ta ɗauke, na wuce. Ba wanda ya bi ni. Ina jin ba su yarda da gaske nake ba.

Da yamma Mama ta kira. Ba ta bari na yi bayani ba. Ta ce, “Wa ke kai Baba asibitin ido duk wata? Wa ke yanke masa ciyawa, ya share masa ƙanƙara a ƙofar gida? Ke kina can kina karatu, yayana na nan yana ɗawainiya. Abu ɗaya ya so ya yi wa ubansa, kin tsinka shi a gaban abokansa. Ki mayar masa da makullin nan tun raina bai gama ɓaci ba.” Na ce Mama, tayar na iya fita. Ta ce, “Na iya! Jirgin sama ma na iya faɗo miki a ka.”

Duk abin da ta faɗa a kan Kawu gaskiya ne. Shi ya kai ni makaranta da kayana a bayan motarsa shekarar farko, shi ya fi kowa ihu ranar da aka kira sunana. Amma me ya haɗa yanke ciyawa da tsawon ƙusa? Abin da na kasa fahimta ke nan a gidanmu. Sun yi shekara huɗu suna nuna ni a coci, ga injiniyarmu, ga injiniyarmu. Ranar farko da injiniyar ta buɗe baki a kan abin da aka tura ta ta koyo, sai ta zama yarinya mara kunya.

Yau Lahadi na zauna kusa da Kaka a coci, makullin motarsa na cikin jakar da ke kan cinyata. Da aka tashi ya riƙe hannuna muna saukowa matakala, ya ce, “Ke, canjin mai ne yake cin mako guda? Ko kawun naki ya sayar da ita ya ci kaza?” Na yi dariyar dole na ce ban sani ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau. Ya dube ni da idon nan nasa mai hazo ya ce na rame.

Ban zauna haka ba. Na samo wani shago mai sayar da kayan tsofaffin motoci da zai iya aiko ƙusoshin hagu zuwa Laraba. Amma motar na kulle a garejin Kawu, kuma ko an gyara wannan, kaurin rim ɗin da da'irar ramukansa na nan. Tsofaffin rim ɗin da komai nasu daidai ne, ban gan su ba ranar, na dai ji Purvis na cewa ya san wani mai so.

In na mayar da makullin, motar za ta fita haka. In na riƙe, Kaka zai rasa yawonsa ranar da ya cika tamanin, kuma wa ya san ko akwai na baɗi. In na faɗa masa, na karya alkawari, na kuma kunyata ɗansa a gabansa, abin da Kawu ba zai taɓa yafe mini ba.

Ga abin da ban sani ba, don kada ki ɗauka na fi ƙarfin shakka:

Ban sani ba ko tayar za ta fita. Tana iya yin mil dubu lafiya, tana iya kasa goma.

Ban sani ba ko sauran ƙusoshi ukun sun tsage a ciki, don ban san ko injin ya taɓa su ba.

Ban sani ba wa ya kwance tayar baya ta hagu, Kawu ko Purvis.

Ban sani ba ko tsofaffin rim ɗin na nan ko an sayar.

Ban sani ba ko Kawu ya riga ya kira mai yanka makulli, wanda in haka ne duk wannan faɗan a banza na yi shi.

Ban kuma sani ba wanne Kaka zai fi jin zafi, abin da aka yi wa motarsa ko ƙaryar da muka haɗu muka yi masa.

Kina iya bugawa a shafinki na jarida da sunayen, Kaka shafin wasanni da na sanarwar rasuwa kaɗai yake sa a karanta masa.

Taki,
Mai makulli a jaka, gabashin Detroit

* * *

'Yata mai makulli,

Zan fara da ƙarfe, don shi ya fi saurin warwarewa. Kina da gaskiya. Motar nan kada ta hau babban titi a yadda take. Batun kashi bakwai cikin goman nan, na san masu motoci sun daɗe suna gardama a kai, kuma Purvis bai yi ƙarya ba da ya ce wasu sun shekara a kan irinsa ba abin da ya same su. Ba zan raba musu wannan gardamar ba. Amma notin da ya kama rabin abin da ya kamata ya kama, da taya ɗaya mai notuna masu hanya biyu, waɗannan ba abin gardama ba ne. Marigayi mijina ya taɓa yin mota 'yar gidan su taku. Na taɓa tsayawa a gefen hanya da cikin wata shida ina taka sifana da ƙafa ina tsine mata, ashe ɗaure notin nake ƙara yi. Kuma ni na sani, an gaya mini. Hannu mantawa yake. Kada ki bari kowa ya sa ki shakkar abin da kika auna.

Yanzu ki zauna, saura naki.

Kin ce ba ki ce komai ba a kan munin rim ɗin. Bakinki ne bai ce ba. Mutumin da ya koya miki tuƙi ya san fuskarki, kuma tun ranar da ya nuna miki su ya karanta ta. Shi ya sa da kika zo da lissafi, bai ji maganar haɗari ba, ya ji kin samo hujjar kushe kyautarsa.

Sannan ki dubi inda yake tsaye a lokacin. Ya san da notunan hagu, har ya yi odarsu, wato ba da ganganci ya shiga aikin ba. Ya juya baya na ɗan lokaci, amininsa ya yi ɓarna a motar da ubansa bai taɓa ba shi amanar tayarta ba. Ina tabbatar miki tun kafin ki iso ya riga ya san an tafka ɓarna. Sai ga ki kin durƙusa kina ƙirga murɗa noti da ƙarfi a gaban maza shida. Da kin ja shi bayan gareji, da wataƙila yau ba ki rubuto mini ba. A gaban mutane kuwa, yarda da ke na nufin ya kwance wa abokinsa zani a kasuwa, shi ma nasa ya bi. Ba'ar da suka yi miki ba daidai ba ce, manyan banza ne da suka taru a kan yarinya. Amma maganar direba da kika yaɓa masa, ba sai ta zama ƙarya ba kafin ta zama cin fuska. Da tuƙin nan ya kai kayanki makaranta. Ki ba shi haƙuri a kanta, haƙuri tsura, kada ki liƙa masa “amma” a wutsiya.

Sai makulli. Ke da kawunki kuna ta ja-in-ja a kan wa ya kamata ya riƙe shi, kun manta motar na da mai ita, yana da rai, hankalinsa garau, har ya fara tambaya. Idonsa ne ya yi rauni, ba kansa ba. Alkawarin da kika yi na ɓoye kyauta ne. Ba ki yi alkawarin ɓoye masa cewa za a ɗora shi da 'ya'yan jikokinsa a kan tayar da ba a tabbatar da ita ba, kuma ba wanda ke da ikon karɓar irin wannan alkawarin daga gare ki.

Kuma bari in gaya miki abin da lissafinki ya tsallake. Kakanki ba ya karanta shafina, amma matan cocinku na karantawa. Koriyar Charger nawa ce a gabashin garin nan mai ita zai cika tamanin ranar Asabar? Shafin zai fito Laraba da safe, kafin azahar an kai masa labari har da ƙari. Shi ya sa na aiko miki da amsar nan yau Litinin. Ba-zatar ta riga ta ƙare. Abin da ya rage shi ne daga bakin wa zai ji.

Ga abin da za ki yi. Yau ɗin nan ki yi odar ƙusoshin hagun, guda goma, ba biyu ba, tunda ba ki san lafiyar sauran ba. Ki sa mahaifiyarki ta kira Purvis ta ce kada ya kuskura ya sayar da tsofaffin rim ɗin. Ba sai ta yarda da ke ba kafin ta yi wannan, kayan ubanta ne. Gobe da sassafe ki je gidan Kawu ke kaɗai, ba takarda, ba abin awo. Ki fara da ban haƙuri. Sannan ki ce masa kina son ku je wurin Kaka tare ku kai masa makullinsa, kuma shi zai yi bayani da bakinsa, yadda ya ga dama, ke ba za ki gyara masa ko kalma ɗaya ba. Na san wannan zai yi miki wuya. Ki daure. In ya ƙi, ki gaya masa a fili cewa da yamma za ki je ke kaɗai, kuma ki je.

In tsofaffin rim ɗin na nan, aikin yini ɗaya ne, motar ta koma kan ƙafafunta ta fita Asabar. In an sayar, irinsu ba sa wuyar samu a garin nan cikin wannan makon. Sababbin kuwa a ɗaura musu kirtani mai ado a kai wajen biki. Ki shirya ranki, tsohon na iya ganin ƙyallin ya ce yana so. In ya ce haka, aikinki shi ne ki taya kawunki nemo masu daidai da motar da dogayen ƙusoshi, ki kuma gyara fuskarki.

Zai yi faɗa, kada ki yi tsammanin ba zai yi ba. Zai yi wa ɗansa, zai yi miki na ƙaryar matakalar coci. Ku sunkuyar da kai ku sha. In ya gama, ku ɗauko shi ku kai gareji, ku ajiye masa kujera kusa da tayar hagu, kawunki da sifana, ke da murfin taya kina riƙe notuna kamar da. Mutumin da ya shekara hamsin da shida bai bar kowa ya taɓa tayarsa ba, yanzu idonsa ya gaza, dole wani ya gaje shi. Ku bar shi ya zauna ya gaya muku ta inda za ku murɗa. Ban san wani rim da zai kai wannan daɗi a wurinsa ba.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ƙara wa Kaka Lucius lafiya da shekaru, ya sa ki fara aikinki a sa'a. Ranar Asabar ina nan gefen Woodward a kujerata ta naɗewa, ƙarƙashin jar lema. In koriyar mota ta zo wucewa, ki ce wa kawunki ya danna mini hon.

Taki,
Anti Ernestine